Tambayi Gwaggo: wai Rima sunan gulbi ne ko sunan barewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ki taimaka min da sauri don lokaci ya ƙure muna. Maiɗakina na da tsohon ciki, watan ga muke sa ran haihuwa in Allah ya yarda, kuma hoton da anka yi asibiti ya nuna mace ce. To ita tun cikin na ƙarami ta liƙe ma wani suna wai Rima, wurin wata malamarsu ta Islamiyya da ta yi karatu Sudan ta ji shi. Da Inna ta ji sai ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an sa ma ɗiya sunan gulbi ba, kuma gulbi ba a raba shi da mutanen ɓoye. Wani abokina kuma ya duba waya ya ce min ai ma sunan dabba ne. Yanzu kaina ya kulle, ba ni son in ɓata ma Inna rai kuma ba ni son in ɓata ma mai ciki. Mi ne ne ma'anar sunan ga, ya halatta, kuma akwai masu shi da yawa ko ɗiyata za ta zama ita kaɗai? Daga wani angon bara, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya raba su lafiya, ya sa mai albarka ce. Kwantar da hankalinka, abokin naka bai yi ƙarya ba kuma Inna ma ba ta yi ƙarya ba, kowa dai gefen da ya sani ya kama.

Rimar da maiɗakinka ke nufi Larabci ce. Asalin sunan Rim ne, haka Larabawa ke kiran wata irin barewa mai haske sosai har kusan fara, da ke zama cikin rairayin hamada, mai siraran ƙahoni da manyan idanu baƙaƙe, sai a ƙara wasali a ƙarshe ya koma Rima, duk abu guda ne. Dabbar tana nan har yau, akwai ta wajen Saudiyya da Oman da Daular Larabawa, akwai kuma 'yar uwarta cikin Sahara wajen Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, ita wagga ta Sahara ma mafarauta sun kusa ƙarar da ita har an sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Ta ɗan bambanta da barewarmu ta nan wadda jikinta ja-ja ne da baƙin zane a gefen ciki. Shi Balaraben zamanin da, in yana son ya yabi mace to barewa yake ɗaukowa, don dogon wuyanta da idonta da yadda take tafiya ba hayaniya, duk wanda ya yi karatun Shu'ara a zaure zai tuna baitin da Imru'ul Ƙaisi ya kwatanta wuyan masoyiyarsa da wuyan rim, wannan tun kafin zuwan Musulunci ke nan. Kenan uban da ya sa ma ɗiyarsa Rima fatan kyau da natsuwa yake yi mata, ba wai ya ce mata dabba ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da na ga ya fi tayar maka da hankali, wai sunan dabba. Ɗana, in sunan da anka ɗauko daga dabba laifi ne to wallahi da gidajenmu duk sun shiga uku, don babu zauren da za ka shiga a Kabi ko Zamfara ka rasa irinsu, mu ne dai ba mu bin ma'ana. Ɗauki Abubakar, wanda muke ce ma Garba ko Buba ko Habu. Bakar a Larabci saurayin raƙumi ne, kuma da wagga alkunya duniya ta san Siddiƙu, har da yawa ba su san sunanshi na yanka Abdullahi ne ba. Usman, sunan Khalifa na uku kuma sunan Mujaddadi Shehu ɗan Fodiyo, masu littattafan lugga sun ce ɗan tsuntsun hubara ne, tsuntsun nan dangin tuje. Mahaifiyar Sayyidina Usman ita kanta sunanta Arwa, wato awakin dutse. Usama zaki ne, Haidar zaki ne, kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa ranar Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira Sayyidina Aliyu ya fito fili yana kirari yana cewa shi ne wanda mahaifiyarsa ta sa ma suna Haidara. Abu Hafs da ake ce ma Sayyidina Umar, hafs ɗan zaki ne. Ikrima macen tantabara ce, Uwaisu ɗan kyarkeci ne, Hindatu garken raƙuma ne wajen ɗari, Rahila kuma mahaifiyar Annabi Yusufu sunanta daga Ibrananci yake, tunkiya yake nufi.

Wanda ya fi burge ni duk cikinsu shi ne gidan matar nan da ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi SAW har Allah ya saukar da farkon suratul Mujadala a kanta, izun nan na Ƙad sami'a da yaranmu ke biyawa. Sunanta Khaulatu, kuma khaula macen barewa ce, kusan ma'ana guda da Rimar taku. Babanta Sa'alaba, wato yanyawa. Mijinta Ausu ɗan Samit, ɗaya daga ma'anonin aus kuma kyarkeci ne. Gida guda suna uku duk na dawa, Allah ya ji kukanta daga saman bakwai, kuma ba a ce ta canja suna ba. Alhali Annabi SAW ba ya ƙyale mugun suna, ya canja ma wata ɗiyar Sayyidina Umar da ake ce ma Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, ya mai da ita Jamila, ya canja ma Barra ta koma Zainab don kada a ce tana yabon kanta, ya so ya canja ma wani sahabi daga Haznu, mai tsanani, zuwa Sahlu, mai sauƙi. To ka ga abin da ake duba shi ne ma'ana da abin da mutane ke ji in an kira sunan. Shi ya sa ba wanda zai yarda ka sa ma yaro jaki ko kare ko biri ko mujiya a ƙasar Hausa, don da su muke zagi, yaro zai tashi da ciwon abin a ransa. Larabawan jahiliyya sun sa irinsu Kalbu, wai suna cewa 'ya'yansu suna sa musu suna ne don abokan gaba su ji tsoro, amma mu wannan ba hanyarmu ba ce. Barewa kuwa ban taɓa jin inda anka zagi mutum da ita ba, sai dai yabo.

Sai maganar Inna, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa ko ka je kana yi mata fassara kamar kana gyara mata karatu. Mutumin Argungu in ya ji Rima dole gulbi ne zai fara zo mishi a rai, ruwan nan da ya biyo ta Goronyo inda anka yi mishi dam, ya haɗu da gulbin Sakkwato, ya gangaro ta nan wurinku ya wuce Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Shi ke ba ku fadamar shinkafa, cikinshi ake sun Matan Fada da anka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, bikin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. To ko da gulbin ake nufi mi ne ne abin ƙi a ciki? Muna sa Kausar, kogi ne a Aljanna, muna sa Tasnim da Salsabila, idanun ruwa ne a Aljanna, Ja'afaru ma ƙaramin kogi yake nufi. Tsoron da Inna ke ji na mutanen ɓoye tsoron kaka ne mai son jikarta, amma suna ba ya jawo iska kuma ba ya korar ta, Annabi SAW ya hana camfi ya kuma so kyakkyawan fata, abin da ke tsare yaro shi ne Allah, sai addu'o'in da za ku riƙa tofa mata safe da yamma. Wannan ka bari wani malami da Inna ke jin maganarsa ko wata ƙanwarta su faɗa mata, ya fi a ce daga bakinka ya fito, kuma ko kusa kada ka tura maiɗakinka ta yi wannan bayanin, kada a ce suruka ta fara koya ma uwar miji.

Maganar yawan masu shi kuwa, wurin Larabawa suna ne na yau da kullum, Saudiyya da Sudan da Lebanon da Siriya da ƙasashen Tekun Fasha ko'ina akwai. Jakadiyar da Saudiyya ta tura Amurka a 2019, mace ta farko da ƙasar ta ba muƙamin jakada, sunanta Gimbiya Rima 'yar Bandar. Ministar Daular Larabawa da ta jagoranci babban baje kolin Dubai na 2020 Rim al-Hashimi take, akwai ma tsibiri guda a Abu Dhabi da ake ce ma Rim. Amma nan wurinmu baƙo ne gaskiya, ka ɗauki rajistar kowace Islamiyya za ka ƙirga A'isha da Fatima da Maryam da Khadija har ka gaji ba ka ci karo da Rima ba. Yanzu ne yake shigowa ta hanyar ɗalibanmu da ke karatu Sudan da Masar da Madina, da masu zuwa Umara, da tashoshin Larabawa da Facebook da TikTok, ta nan dai su Hanan da Afnan da Ilham sunka biyo, da farko tsofaffi sun yi ta cewa wane irin suna ne wanga, yau ga su kowace unguwa. Abin da na fi so da Rima ma shi ne bai rataya ga wani mutum guda ba. Mun ga yadda anka yi yayin Saddam lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, anka yi yayin Usama bayan 2001, yayi ya wuce yara sunka girma da tambayoyi a kansu. Barewa kuwa ba ta da siyasa. Abu guda dai ka shirya mishi, 'yan ajinsu za su ɗan tsokane ta da Rima Rediyo saboda gidan rediyon Sakkwato, wannan kuma ba ciwo ba ne.

In kun tsaya kan sunan to a kula da faɗarshi, a ja ri ɗin, Riima, kada a danne mim a ce Rimma, don rimma a Larabci ruɓaɓɓen ƙashi ne, asalinsu guda da ramim da ke ƙarshen Yasin. Ka rubuta ma liman a takarda tun daren suna ka kuma karanta mishi, don da asuba cikin hayaniya in sanƙira ya ji ba daidai ba ya shelanta, to gyara sai an sha wuya. Kuma ku zaɓi rubutu guda ku tsaya kanshi tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kada yau a rubuta Rima gobe Reema jibi Rimah, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, harafi guda in ya saɓa sai kun yi ta yawon kotu neman takardar rantsuwa.

Shawarata a kan rikicin gida, tunda ɗiyar fari ce kuma al'adarmu ta fari mace sunan mahaifiyar uba ake mai da mata, ka fara jin cikin Inna, mai yiwuwa abin da ke ranta ke nan kunya ta hana ta faɗa. In haka ne ai abin ya zo da sauƙi, a yanka rago da sunan Inna, tunda dai ba mai iya kiran sunan gatsau a gidan dole sai an nemi alkunya, to maimakon Ummi ko Mami ko Walida sai ku riƙa ce mata Rima, a sa su duka biyu a takarda. In kuma Inna ta saki jiki ta ce a sa, to ya halatta ya zama shi ne na yanka kai tsaye ranar bakwai. Malamai sun ce in an yi saɓani haƙƙin raɗa suna na uba ne, amma wadda ta ɗauki ciki wata tara tana da bakin magana, kada ka nuna mata iko a nan.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki. Ni abin da ke ba ni mamaki, mun yarda a sa Gazala ko Rima don Larabci ne amma da wani zai sa ma ɗiyarsa Barewa dariya za a yi mai. Wannan ba raina harshenmu ba ne? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: Ɗiyata kin taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Shari'a dai ba ta ce dole suna ya zama na Larabci ba, Ibrahim da Isma'ila da Isiyaku da Musa duk ba Larabci ne asalinsu ba. Abin da ya faru shi ne da Musulunci ya zauna ƙasar ga, balle bayan jihadin 1804, sai sunan yanka ya koma na Annabawa da Sahabbai don neman albarka, sunayen Hausa kuma sunka koma laƙabi, su Tanko da Kande da Gambo da Auta da Jummai da Ɗanladi. Dabbobi kuma sai munka aje su wurin kirari, nan ne Bahaushe ke zuba su ba ƙyashi. Sarki ake gaisarwa da Zaki, babban mutum toron giwa, jarumi gwanki sha bara, mai zafin rai damisa ƙi sabo, mai haƙuri damo, mace ta gaban goshi giwar mata. Ita barewa kanta ai ba mu raina ta ba, in ɗa ya gaji iyayensa cewa muke barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma makarantar da ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da 'Yar'aduwa, wadda anka kafa a Katsina a 1921 kafin ta ƙare a Zariya, sunanta Kwalejin Barewa. Ni a ganina wanda ya kira ɗiyarsa Barewa a matsayin laƙabi ya yi abu mai kyau kuma zan so in ji ana yi, don sunayenmu na Hausa suna ɓacewa muna kallo, yau da wuya ki ji jaririya ana ce mata Kande. Amma na yanka ba zan ce ki fara da ɗiyarki ba sai kin tabbata gidanku da na mijinki za su riƙe shi da mutunci, don yarinya ce za ta amsa shi makaranta da gidan miji, ba ke ba.

TAMBAYA: Salam Gwaggo. Maigidana ya sa ma yaronmu Fahad, yanzu wata makwabciya ta ce wai damisa yake nufi shi ya sa yaron ke da faɗa. Gaskiya ne? Daga Maman Fahad, Talata Mafara.

AMSA: Ba damisa ba ce sak, damisa namir ake ce mata. Fahad wata 'yar uwarta ce da ta fi ta siranta, mai baƙin layi daga ido zuwa baki, kuma duk dabbobin da ke gudu a ƙasa ba wadda ta kai ta, tana kai kilomita 100 a awa. Larabawa ba da faɗa sunka san ta ba, da yawan barci da kau da kai sunka san ta. Cikin hadisin Ummu Zar'in da ke Bukhari da Muslim, inda mata goma sha ɗaya sunka zauna kowace na ba da labarin mijinta, ta biyar cewa ta yi nata in ya shigo gida fahad ne in ya fita zaki ne, kuma ba ya bin diddigin abin da ya bari a gida, malamai da yawa sun ce yabo ne, wato mai sauƙin kai ga iyali mai kwarjini a waje. Sunan ya shigo muna sosai zamanin Sarki Fahad na Saudiyya da ya yi mulki daga 1982 zuwa 2005, wanda maɗaba'ar Alƙur'ani ta Madina ke ɗauke da sunanshi, can ake buga tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi da alhazai ke dawowa da ita. Faɗan yaro kuwa ƙuruciya ce da tarbiyya, ki duba barcinshi da cinshi da waɗanda yake wasa da su, ki bar zancen makwabciya.

TAMBAYA: Gwaggo ɗiyata sunanta Hurera, sunan kakata anka mai da mata. Tunda wani malaminsu ya faɗa cikin aji cewa ma'anarshi 'yar kyanwa yara sunka sa ta gaba da mage mage, har ta ce ba ta zuwa makaranta sai an canja mata suna. Ya zan yi? Daga wani uba, Jega.

AMSA: Allah sarki, abin ya taɓa ni. Malamin gaskiya ya faɗa amma rabi ya faɗa, kuma gaban yara ba a faɗin rabi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi sunanshi Abdurrahman ɗan Sakhar, 'yar kyanwa gare shi da yake ɗauka yana wasa da ita har anka riƙa ce mishi Abu Huraira, Annabi SAW da kanshi yana kiranshi Aba Hirrin, don son wanga bawan Allah ne iyayenmu sunka ɗauki sunan sunka ba mata. Kyanwa kuma cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya zo cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a cikin gidajenmu. Kada ka canja mata suna ɗana, na kakarka ne, kuma in ka canja yau don tsokana gobe wani abin za su samo. Ka zaunar da ita ka ba ta labarin nan da bakinka, ka buɗe Arba'una Hadisi ka nuna mata wurare nawa sunan ya fito, sannan ka je makarantar ka samu malamin a keɓe cikin mutunci ka roƙe shi ya koma ajin ya ƙarasa bayanin gaban yaran da ya fara a gabansu, ya kuma ja ma masu tsokanar kunne. In ta fi son a riƙa kiranta da laƙabi na ɗan lokaci kafin abin ya lafa a bar ta ta zaɓa da kanta, amma takardunta su zauna yadda suke. Ka gaishe min da ita.